Kwandon Shara a Cikin Manhaja: Yadda Ake Goge Fayil Kuma a Iya Dawo da Shi

Duk wanda ya taɓa gina manhajar da jama'a ke loda takardu ko hotuna ya san irin saƙon nan: "Don Allah na goge fayil ɗin da ba shi nake nufi ba, ko akwai yadda za a yi?" Idan maɓallin gogewa na manhajarka `DELETE` yake turawa rumbun bayanai, kuma nan take ya cire fayil ɗin daga faifai, to amsa ɗaya ce, sai dai haƙuri. In ka yi sa'a kana da kwafin ajiya na jiya, sai ka kwana kana tono don fayil guda.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhajar, akwai abin da ya kamata ya zauna a kai sosai. Fayil a irin wannan manhaja wuri biyu yake zaune. Akwai layinsa a teburin rumbun bayanai, inda aka rubuta sunansa, mai shi, girmansa da foldar da yake ciki. Akwai kuma gangar jikinsa, wato ainihin abin da aka loda, wanda ke kan faifan sabar ko a ma'ajiya irin Amazon S3. Rumbun bayanai ya iya fasa aiki: ka ce `ROLLBACK`, komai ya koma yadda yake. Faifai bai san wannan yaren ba. Abin da ka cire ya tafi ke nan. Saboda haka dabarar gaba ɗaya ita ce a raba gogewa gida biyu. Ta farko alama ce kawai a tebur, ba ta taɓa gangar jiki. Ta biyu ita ce sharewa ta gaskiya, wadda ke zuwa daga baya, a natse, kuma bisa wani tsari da ba a juya shi.

Ba sabuwar dabara ba ce. Kwandon shara na Windows, idan ka leƙa cikinsa, za ka tarar kowane abu da aka goge ya zama fayil biyu: ɗaya sunansa ya fara da `$R`, shi ne gangar jikin, ɗayan ya fara da `$I`, yana riƙe da inda fayil ɗin yake a da, girmansa da lokacin da aka goge shi. Abin da za mu yi ke nan, sai dai namu bayanin a tebur zai zauna. Misalan da ke ƙasa na rumbun bayanai na PostgreSQL ne, inda takwaransa MySQL ya bambanta zan faɗa.

Fara da raba suna da wurin ajiya

Kada ka ajiye gangar jikin fayil da sunan da mai amfani ya ba shi. Idan `rahoto.pdf` yana zaune a faifai da wannan sunan, mutum ya jefa shi kwando, sannan ya loda wani sabon `rahoto.pdf` a folda ɗaya, sabon zai hau kan tsohon. Tebur zai ci gaba da cewa tsohon na nan a kwando, alhali babu shi. Ba kowane fayil makulli nasa na kansa, kamar UUID, wato doguwar lambar da ba ta maimaituwa, ka ajiye shi da wannan makullin. Suna da folda kuwa su tsaya a tebur kaɗai.

```sql
CREATE TABLE fayiloli (
  id              uuid PRIMARY KEY,
  mai_shi         bigint NOT NULL,
  folda_id        uuid NOT NULL REFERENCES foldoli(id),
  suna            text NOT NULL,
  makullin_ajiya  text NOT NULL,
  girma           bigint NOT NULL,
  lokacin_gogewa  timestamptz,
  wanda_ya_goge   bigint,
  lambar_gogewa   uuid,
  ana_sharewa     boolean NOT NULL DEFAULT false
);
```

Ginshiƙai huɗu na ƙarshe su ne kwandon. Wasu kan wadatu da ginshiƙi guda mai cewa e ko a'a. Ban ba da wannan shawara ba, domin ranar da za ka so sanin abin da ya kwana 30 a kwando, "e" ba za ta gaya maka komai ba. Lokaci kuwa yana amsa tambaya biyu a tare: in babu komai a wurin, fayil na da rai, in akwai, ga ranar da aka goge shi. Teburin `foldoli` shi ma a ba shi `lokacin_gogewa` da `lambar_gogewa`, tare da `uwa_id` mai nuna foldar da ta ƙunshe shi.

Gogewa ta zama canjin alama

```sql
UPDATE fayiloli
SET lokacin_gogewa = now(),
    wanda_ya_goge  = :mutum,
    lambar_gogewa  = :lamba
WHERE id = :fayil
  AND lokacin_gogewa IS NULL;
```

Layin ƙarshe yana da amfani fiye da yadda ake gani. Idan intanet ta yi nauyi mutum ya danna sau biyu, ko manhajar waya ta sake tura buƙatar, dannawa ta biyu ba za ta sake saita agogon ba. Wannan matakin shi ke nan, babu wani abu a cikinsa.

Ɓoye abin da aka goge

Nan ne aiki yake. Daga yau duk tambayar da ta taɓa wannan teburin dole ta tsallake layukan da ke kwando, kuma mantuwa ɗaya ta isa ta nuna wa wani takardar da mai ita ya ɗauka ta tafi. Kada ka dogara da cewa kowa a cikin masu rubuta manhajar zai riƙa tunawa. Yi taga ɗaya da kowa zai riƙa leƙawa ta ciki:

```sql
CREATE VIEW fayiloli_masu_rai AS
SELECT * FROM fayiloli WHERE lokacin_gogewa IS NULL;
```

Shafin kwando da aikin sharewa ne kaɗai ke da izinin karanta ainihin teburin. Masu amfani da Laravel, wani tsarin gina manhaja, sun samu wannan a shirye: `SoftDeletes` yana tace layukan da kansa, ya kuma ba ka `withTrashed()`, `onlyTrashed()`, `restore()` da `forceDelete()`. A Django kuwa, wanda shi ma tsarin gina manhaja ne, akan rubuta manaja na musamman, wato mai ɗebo layuka daga tebur, ya zama shi ne na farko a kan `Model` ɗin da ke wakiltar teburin. Amma fa dukkansu tambayoyin da suka bi ta hannunsu kawai suke tacewa. SQL ɗin, wato umarnin rumbun bayanai, da wani ya rubuta da hannu don rahoton ƙarshen wata ba ruwansa da su.

Jerin fayiloli na babban shafi ba kasafai ake mantawa da shi ba, tunda ido na ganinsa. Ɓarnar a lungu take. Ƙidayar "kana da fayil 12" ta ci gaba da cewa 12 bayan an goge biyu. Akwatin bincike, in yana amfani da wani inji na daban irin Elasticsearch, ya ci gaba da fito da sunan fayil har da yankin abin da ke cikinsa. Ƙananan hotunan nuni su zauna a ma'ajiyar wucin gadi. Mafi muni shi ne adireshin rabawa. Idan ka bai wa wani adireshin S3 mai sa hannu, wato mai ba da izinin sauke fayil kai tsaye na ɗan lokaci, wannan adireshin bai san da teburinka ba, zai yi aiki har wa'adinsa ya cika, kuma wa'adin yana iya kai kwana 7. Tunda gangar jikin na nan, mai adireshin zai sauke abinsa lafiya lau. Maganin shi ne adireshin da ake rabawa ya riƙa zuwa wurin manhajarka tukuna, ta duba ko fayil na da rai, sannan ta samar da adireshin S3 mai wa'adin 'yan mintuna.

Tarkon suna biyu

Kusan kowace manhaja tana hana fayil biyu su ɗauki suna ɗaya a folda ɗaya. Da zarar an kawo kwando, tsohuwar dokar za ta fara hana mutum loda `rahoto.pdf` saboda wani `rahoto.pdf` da ya goge makon jiya. Gyaran da ke fara zuwa zuciya shi ne a ƙara `lokacin_gogewa` cikin dokar, a ce folda da suna da lokaci su ne ba za su maimaitu ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. A PostgreSQL da MySQL da SQLite, doka irin wannan ba ta ɗaukar `NULL` (wato wurin da babu komai) biyu a matsayin abu ɗaya. Fayiloli masu rai kuwa duk `NULL` gare su a wannan ginshiƙin, don haka dokar za ta daina aiki a daidai wurin da ake buƙatarta, kuma ba za ta yi ƙorafi ba. Sai wata rana ka ga `rahoto.pdf` uku jere a folda ɗaya.

Gyaran gaskiya shi ne fihirisar da ke kallon masu rai kaɗai:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX suna_a_folda
ON fayiloli (folda_id, suna)
WHERE lokacin_gogewa IS NULL;
```

SQLite ma ya iya wannan tun sigar 3.8.0, SQL Server kuma yana da makamancinsa. MySQL ba shi da shi, sai a bi ta bayan gida: a ƙirƙiri ginshiƙi mai lissafa kansa, wanda ke zama 1 idan fayil na da rai, ya zama `NULL` idan yana kwando, a saka shi cikin dokar tare da folda da suna. Halin `NULL` ɗin da ya cuce mu ɗazu, shi ne yanzu yake mana aiki, tunda waɗanda ke kwando ba za su yi karo da kowa ba. Wannan halin ne kuma ya sa na sa `folda_id` ya zama dole a teburin sama. Ba kowane mai amfani foldar tushe tasa mai layi a tebur, kada ka bar wurin fanko don nuna cewa fayil yana saman komai, in ba haka ba tarkon zai kama ka ta can.

Folda da 'ya'yanta

`ON DELETE CASCADE`, mai goge 'ya'ya idan an goge uwa, ba zai taimake ka ba, domin ba `DELETE` kake yi ba. Kai ne za ka bi zuriyar foldar da kanka. A nan ne `lambar_gogewa` ke nuna amfaninta.

Ɗauki wannan misalin. Ranar Litinin mace ta goge wani hoto guda daga foldar aikinta, da gangan. Ranar Alhamis ta goge foldar gaba ɗaya bisa kuskure. Ranar Juma'a ta dawo da ita. Idan manhajarka cewa take "dawo da duk abin da ke cikin wannan folda", hoton Litinin zai taso tare da sauran, abin da ba ta nema ba. Kowace dannawar gogewa a ba ta sabuwar lamba, duk abin da ta shafa ya ɗauki wannan lambar. Hoton Litinin lambarsa daban, don haka zai yi zamansa a kwando.

```sql
BEGIN;

WITH RECURSIVE zuriya AS (
  SELECT id FROM foldoli
  WHERE id = :folda AND lokacin_gogewa IS NULL
  UNION ALL
  SELECT f.id FROM foldoli f
  JOIN zuriya z ON f.uwa_id = z.id
  WHERE f.lokacin_gogewa IS NULL
)
UPDATE foldoli
SET lokacin_gogewa = now(), lambar_gogewa = :lamba
WHERE id IN (SELECT id FROM zuriya);

UPDATE fayiloli
SET lokacin_gogewa = now(),
    wanda_ya_goge  = :mutum,
    lambar_gogewa  = :lamba
WHERE lokacin_gogewa IS NULL
  AND folda_id IN (
    SELECT id FROM foldoli WHERE lambar_gogewa = :lamba
  );

COMMIT;
```

Da gangan na fara da foldoli. Idan ɓangaren lodawa yana riƙe layin folda da `FOR SHARE`, wanda ke hana a canza layin har ya gama, yana kuma duba cewa tana da rai kafin ya saka sabon fayil, to ba za a samu fayil mai rai ya maƙale cikin foldar da ke kwando ba, ko da wani yana lodawa a daidai lokacin da wani ke gogewa.

Akwai masu sa alama a kan babbar foldar kaɗai, su bar 'ya'yanta yadda suke. Gogewarsu ta fi sauri, amma kowane karatu sai ya hau sama ya bincika kakannin fayil. Ana karatu sau dubu kafin a goge sau ɗaya, don haka ni na fi son wahalar ta kasance a wurin gogewa. Sai dai in foldojinka kan ɗauki miliyoyin fayiloli, nan lissafin ya canza.

Dawowa

A takarda abu ne mai sauƙi: a mayar da ginshiƙan gogewa `NULL` ga duk mai wannan lambar, muddin `ana_sharewa` bai zama gaskiya ba. A aikace kuwa, gidan da fayil ya bari ba lallai ya same shi yadda ya bar shi ba.

Wataƙila wani ya ɗauki sunan. Fihirisar da muka gina za ta ƙi, PostgreSQL ya dawo da kuskure mai lamba 23505. Kama shi, ka ƙara wa mai dawowa wata alama a suna, kamar `rahoto 2.pdf`, ka sanar da mai amfani. Kada ka taɓa barin mai dawowa ya danne wanda ke wurin, domin ka gyara gogewa ɗaya ke nan da wata gogewar da ba ta da kwando. Wataƙila kuma foldarsa ita ma tana kwando. Zaɓi biyu ne: a taso da foldojin da ke sama da shi, su kaɗai ban da sauran kayansu, ko a sauke shi a foldar tushe. Kowanne ka ɗauka, ka gaya wa mutum inda abinsa ya sauka, don kada ya yi ta nema.

Sai batun wurin ajiya. Google Drive yana lissafa abin da ke kwando cikin rabon mai amfani, kuma wannan ya fi sauƙin sarrafawa: dawowa ba za ta taɓa tsallake iyaka ba. In ka zaɓi kada kwando ya shiga lissafi, to ka shirya wa wanda zai cika rabonsa, ya zuba a kwando, ya sake cikawa. Izini ma a sake dubawa lokacin dawowa. Wanda ya goge fayil wata guda da ya wuce, mai yiwuwa an cire shi daga wannan aikin tuni.

Sharewa ta ƙarshe

Kwandon da ba a zubarwa juji ne. Sa wa'adi, ka rubuta shi inda mai amfani zai gani. Google Drive kwana 30 yake bayarwa, SharePoint na Microsoft kuwa 93. Wani aiki da ke tashi da kansa, misali ta `cron`, mai tayar da aiki a lokacin da aka sa masa, kowane dare, shi zai riƙa sharewa.

Jerin matakan nan shi ne ya fi komai muhimmanci a wannan jagorar, domin sabar na iya mutuwa a tsakiyar aiki. Ka ce ka fara goge layi sannan gangar jiki: in aikin ya katse a tsakani, an bar fayil maraya a ma'ajiya, babu layin da ke nuna shi, ana biyan kuɗin ajiyarsa, kuma takardar da aka yi wa mai ita alkawarin an share tana nan. Ka ce ka fara da gangar jiki ba tare da alama ba: mutum na iya danna "dawo da shi" a daidai wannan daƙiƙar, ya samu suna babu komai a bayansa. Don haka matakai uku ne. Na farko, a sa alamar `ana_sharewa` a tabbatar da ita, daga nan ƙofar dawowa ta rufe:

```sql
UPDATE fayiloli SET ana_sharewa = true
WHERE id IN (
  SELECT id FROM fayiloli
  WHERE lokacin_gogewa < now() - interval '30 days'
    AND NOT ana_sharewa
  ORDER BY lokacin_gogewa
  LIMIT 500
  FOR UPDATE SKIP LOCKED
)
RETURNING id, makullin_ajiya;
```

Na biyu, a cire gangar jiki tare da ƙananan hotunanta. Na uku, a goge layin. In aiki ya mutu a ko'ina, layin na nan da alamarsa, sai zagaye na gaba ya fara da irin waɗannan ragowar kafin ya ɗebo sababbi. Wannan na nufin idan aka je cire gangar jiki aka tarar babu ita, nasara ce, ba kuskure ba, a wuce mataki na uku. `SKIP LOCKED`, wanda ya shigo PostgreSQL a sigar 9.5 da MySQL a 8.0, yana sa ma'aikata biyu su yi shara tare ba tare da sun kama layi ɗaya ba. Foldoji kuwa sai sun zama fanko ake goge su, daga ƙasa zuwa sama.

Abu biyu kan yi wa mutane kwanton ɓauna a nan. Idan manhajarka tana gane fayiloli masu ciki iri ɗaya, ta hanyar SHA-256 misali, wato lissafin da ke fitar da tambarin abin da ke cikin fayil, ta ajiye gangar jiki guda ga layuka da yawa, to kafin cirewa sai an tabbatar babu wani layi da ke nuna wannan makullin, har da waɗanda ke kwandon wasu mutane. Na biyu, idan an kunna adana sigogi a S3, gogewa ta yau da kullum alama kawai take ɗorawa a sama, tsohuwar sigar na nan a ƙasa. Kariya ce mai kyau, amma sai ka sa dokar da za ta share tsofaffin sigogi bayan wasu kwanaki, in ba haka ba ba ka share komai ba.

Ka kuma sa wa aikin birki. Idan ya saba share 'yan ɗaruruwa a dare, yau kuma ya ga dubu ɗari biyu, ya tsaya ya aiko maka da saƙo. Kuskure guda a lissafin kwanan wata ya isa ya kwashe kwandon kowa a dare ɗaya. A makon farko ma bar shi ya riƙa rubuta abin da zai share kawai, kana dubawa da idonka.

Wanda ya ce yana son abinsa ya tafi yanzu-yanzu, a ba shi maɓallin "goge har abada" a cikin kwando, wanda zai sa alamar `ana_sharewa` nan take ya miƙa wa wannan aikin dai. Ba ado ba ne: dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta ba mutum haƙƙin neman a share bayanansa a sashe na 17, kuma ɓoye layi ba sharewa ba ne. Abin da za ka iya riƙewa shi ne ɗan tarihi a wani tebur: lambar fayil, wanda ya goge, ranar da aka share. Sunan fayil kansa yakan tona asiri, don haka yi tunani kafin ka ajiye shi a can.

Gwada shi da mugunta

Kafin ka saki wannan ga jama'a, maimaita labarin Litinin da Alhamis ka ga ko hoton ya tsaya a kwando. Goge fayil, loda mai sunansa, dawo da tsohon. Buɗe adireshin rabawa bayan gogewa. Sannan kashe aikin sharewa da ƙarfi tsakanin mataki na biyu da na uku, ka sake tayar da shi, ka ga ko ya ƙarasa ba tare da kuka ba.

Duk da haka, a kwana a tashi tebur da ma'ajiya za su ɗan saɓa, ko don lodawar da ta katse, ko don wani ya taɓa ma'ajiyar da hannu. Rubuta ƙaramin aiki na mako-mako da zai jera makullan da ke ma'ajiya ya gwada su da na tebur. Layin da ba shi da gangar jiki, ya kawo maka rahotonsa da gaggawa. Gangar jikin da ba ta da layi kuwa, kada ya taɓa ta sai ta wuce kwana ɗaya ko biyu, domin mai yiwuwa lodawa ce da ake kan yi, layinta bai riga ya shiga tebur ba.